Ɗana bahago ne, kakarsa ta ce a ɗaure hannun

Wata baiwar Allah daga Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da tambaya a kan ɗanta mai shekara biyar. Ta ce komai yaron zai ɗauka da hagu yake ɗauka, cokali ne, fensir ne, ko dutsen jifan mangwaro. Kakarsa ta wajen uba ta ce a riƙa naɗe masa hannun da tsumma har ya saba da dama, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka aka yi wa ƙanen babansa ga shi ya gyaru. A makarantar boko ma malamar ajinsu takan buga masa rula a bayan hannu. Yanzu da an ce ya ɗauko littafi sai kuka. Tana so ta sani: ta bar shi yadda yake ko ta bi maganar manya, kuma akwai zunubi a kanta in ta bar shi?

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana shi. Na daɗe ina koya wa ƙananan yara riƙon fensir, yanzu kuma aikina horar da malaman ƙananan azuzuwa, don haka irin ɗanki sun sha wucewa ta hannuna. Ga amsar a dunƙule kafin in warware ta. Kada a ɗaure hannun, a kuma daina dukansa. Ci da sha da gaisawa da miƙa abu, ki koya masa su da dama, zai iya, kuma ya kamata ya iya. Rubutu da zane da yanka da almakashi, da duk aikin da ke son ƙwarewar yatsu, ki bar wa hagunsa. Yawancin rigimar da ake yi a gidajenmu a kan bahagon yaro daga cakuɗa waɗannan biyun take tasowa. Kaka tana maganar ladabi, kuma tana da gaskiya. Sai a wuce gona da iri a ce har fensir ma sai ya koma dama, nan ne ake cutar yaro.

Ki fara cire wa ranki cewa wani abu ne ya same shi. A duk mutum goma, kusan ɗaya bahago ne. A 2020 masana sun tattara binciken da aka yi a kan mutum fiye da miliyan 2, suka sami kashi 10.6 cikin ɗari, maza sun ɗan ɗara mata. Ajin da ke da yara 50 ke nan ki sa ran biyar. In kika leƙa aji kika ga kowa da dama yake rubutu, ba rashinsu aka yi ba, an riga an juya su ne.

Abin tun daga ciki yake farawa. Wani masani mai suna Peter Hepper a Belfast ya riƙa kallon jarirai ta hoton ciki, ya ga tun wajen mako na 15 suna tsotson babban yatsa, mafi yawansu na dama, 'yan kaɗan na hagu. Da yaran suka kai shekara goma zuwa sha biyu aka sake duba su. Waɗanda suka tsotsi na dama duk da dama suka tashi, na hagun kuwa mafi yawansu bahagwai ne. Akwai gado a ciki, amma ba shi ne duka ba. Binciken tagwaye ya nuna gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na dalilin ba, shi ya sa za ki ga tagwaye masu kama ɗaya, Hasan na dama, Husaini bahago. In uwa da uba duk na dama ne, kusan ɗa ɗaya cikin goma ke fitowa bahago. In ɗayansu bahago ne, kusan biyu cikin goma. Ko duka biyun bahagwai ne, wajen kashi 26 cikin ɗari kawai na 'ya'yansu ke bin su. Don haka ba ɓarin da kika kwanta a kai kina da ciki ba ne, ba nonon da kika fara ba shi ba ne, ba kuma iska ko sammu ba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a yi masa magani, kuɗin yake so.

Hannu bawan ƙwaƙwalwa ne, kuma a giciye suke aiki: ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da hannun dama, ɓarin dama ke tafiyar da hagu. Kin taɓa lura cewa wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama ta dama ya fi yawan rasa magana? Dalili shi ne a wajen kusan kashi 95 cikin ɗari na masu dama, cibiyar magana tana ɓarin hagu, abin da likitan Faransa Paul Broca ya gano tun shekarun 1860. A wajen bahagwai ma kusan kashi 70 haka take. Abin da nake so ki riƙe a nan: in an ɗaure hannu, hannun kaɗai aka ɗaure. A 2002 an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu manya a Jamus waɗanda aka tilasta wa rubutu da dama tun suna yara. Bayan shekaru masu yawa suna rubutu da dama, ɓarin da ke kula da hagunsu yana nan yana sa baki a aikin fiye da yadda ake gani a wajen na dama na asali. Ƙanen babansa da aka ce ya gyaru, ki zuba masa ido kwana biyu. Da wane hannu yake riƙe adda? Da wanne yake murɗe murfin kwalba, ko ya cafe makulli in an wurgo masa? Zai yi wuya ki ga ba hagu ba.

Za ki ji ana cewa juya hannu na jawo in'ina, a kawo misalin Sarkin Ingila George na shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth ta biyu, wanda bahago ne aka tilasta masa dama kuma ya yi fama da in'ina. Likitocin Amurka na shekarun 1920 da 1930 sun yarda da haka sosai, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa juyawar ita kaɗai ke haddasa ta ba, don haka ba zan tsorata ki da wannan ba. Abin da nake gani da idona a aji ya isa. Yaron da aka juya yakan yi jinkirin rubutu, hannunsa ya gaji da wuri, 'yan aji su gama kwafe allo shi yana layi na uku, malami ya goge. Hankalin da ya kamata ya sa a kan ma'anar abin da yake rubutawa ya tafi wajen lallaɓa fensir. Daga nan a fara kiransa daƙiƙi, shi ma ya yarda. Ranar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare kuwa agogo ba ya jiran kowa. Kukan da ɗanki ya fara yi in ya ga littafi, farkon wannan hanyar ke nan.

Sai maganar zunubi, wadda na san ita ta fi damun ki. Hadisan dama ingantattu ne, ba mai wasa da su. A cikin Muslim, Ibn Umar ya ruwaito cewa idan ɗayanku zai ci ya ci da damansa, idan zai sha ya sha da damansa, domin Shaiɗan da hagunsa yake ci yake sha, a wata ruwayar an ƙara da karɓa da bayarwa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah (SAW) yana son farawa da dama wajen sa takalmi da taje kai da tsarki da lamuransa duka. Amma dubi yadda ya koya wa yaro. Umar ɗan Abu Salama, agolansa, yana ƙarami hannunsa na yawo a cikin akushi, sai ya ce masa: ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci daga gabanka. Umar ya ce tun daga ranar haka cinsa ya zama. Magana aka yi masa da taushi, ta kuma zauna. Wasu sukan jawo labarin mutumin da aka ce ya ci da dama ya ce ba zai iya ba, hannun ya ƙi kaiwa bakinsa. Wanda ya ruwaito labarin da kansa ya faɗi dalili: girman kai ne ya hana shi. Wannan babban mutum ne da ya yi taurin kai a gaban Annabi, ina ya haɗu da ɗan shekara biyar da alƙalami bai hau kansa ba?

Rubutu kuwa, malamai da dama sun yi fatawa cewa babu laifi a yi shi da hagu. Magabata sun san bahago, ba yau aka fara haihuwarsa ba. Masu tarihi sun siffanta Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi da cewa yana aiki da hagunsa kamar yadda yake yi da damansa. A babin yanka ma, inda aka ce a kwantar da dabba a kan ɓarinta na hagu, akwai malaman Malikiyya da suka ce bahago ya kwantar da ita ta dama don wuƙa ta zauna masa, kuma naman halal ne. Mutanen da suka zauna suka yi wa bahago tanadi har a wajen yankan rago ba su ɗauke shi wanda ya saɓa wa Allah ba. Ki sa maigidanki ya tambayi limamin unguwarku a kan waɗannan, amsar liman za ta fi tawa nauyi a kunnen Hajiya kakarsa.

Mu da ke zaune cikin Asante, al'adar gari ta ƙara wa abin nauyi. A nan ko wanda ba Musulmi ba ba ya karɓar kuɗi da hagu. Ba a nuna mutum ko hanya da ita, ba a ɗaga ta a aji don amsa tambaya, ba a tsayar da motar haya ta trotro da ita in ana da hali. A wajen makoki ko gaban sarki, gaisuwa daga dama ake faro ta a bi layi. Suna da karin magana cewa ba a nuna gidan uba da hannun hagu. Wasu masana biyu, Sotaro Kita da James Essegbey, sun yi nazarin wannan a 2001. Sun riƙa tambayar mutane hanya a kudancin Ghana suna ɗaukar hotonsu, sai suka ga mutum ya gwammace ya karkace, ya ƙetaro da hannun dama ta gaban fuskarsa don ya nuna kwanar da ke hagunsa, hannun hagun kuwa ya maƙale shi a baya. A garin da abin ya kai haka, ba gata ba ne ki bar yaro ya tashi yana miƙa wa manya abu da hagu. Shi za a zaga, ke za a zarga da rashin tarbiyya. Kuma asalin dokar ba wauta ba ce: mutanen da ke tsarki da ruwa da hagu, suke cin tuwo kwano ɗaya, dole su raba wa hannuwa aiki.

Amma ki tsaya wajen mai waakye da safe ki kalli hannuwanta. Damanta na cikin abinci, tana zuba shinkafa da wake a ganye, ta ɗora taliya da gari da shito. Aka miƙo mata kuɗi, ba za ta taɓa shi da hannun abinci ba. Sai ta karɓa da hagu, ta ciro canji da hagu, ta ɗan kara bayan hannun damanta a wuyan hannun, ta ce a yi haƙuri da hagu. Mai saye ya karɓa ya wuce, ba wanda ya ji an raina shi. Al'adar da kanta ta bar ƙofa ga mai uzuri. Ki koya wa ɗanki wannan kalmar da wannan karawar tun yanzu, za su fitar da shi kunya sau da yawa.

Koyar da ci da dama ba shi da wuya, domin kai loma baki ba aikin ƙwarewa ba ne. Ki fara da abin da ba ya zuba: ƙosai, burodi, lomar tuwon zafi. Koko a cokali ya zo daga baya, don shi ne zai riƙa ɓarewa ya sa shi jin kunya. Ki ajiye masa cokali da kofi ta damansa. Ki sa masa ɗan zare ko roba a wuyan hannun dama, ki ce wannan shi ne hannun ci da gaisuwa, wancan kuma hannun rubutu, yara na son a raba musu abu haka a fili. In ya manta, ki taɓa hannun ki ce "dama, Babana," a hankali, ba a gaban baƙi ba, ba kuma da tsawa ba. Zai manta sau da yawa, musamman in yana jin yunwa ko barci. Abin watanni ne. Ki kuma tsananta masa wanke hannu da sabulu bayan ya fito bayi fiye da sauran yara, domin shi hannun da yake tsarki da shi, shi ne ke riƙe fensir, fensir kuwa baki yake ƙarewa.

Rubutun boko shi ne inda bahago ya fi shan wuya, kuma yawancin malamai ba a taɓa nuna musu dalili ba. Boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Na dama jan fensir yake yi, hannunsa na gaba, abin da ya rubuta na bayansa a fili yana gani. Bahago tura fensir yake yi, tsinin na cakar takarda, gefen hannunsa na bin abin da ya rubuta yana rufe shi yana shafe shi. Ki duba gefen ƙaramin yatsan ɗanki in ya dawo makaranta, za ki gan shi baƙi ƙirin. In ba a gyara masa zama ba, da kansa zai nemi dabara: ya lanƙwasa wuyan hannu ya zagayo ta saman layi kamar ƙugiya, wannan kuwa shi ke kawo ciwon hannu da na kafaɗa in rubutu ya yi yawa.

Gyaran ba ya cin ko sidi ɗaya. Littafin ya koma ɓangaren hagu na jikinsa, ba tsakiyar ƙirji ba. A karkata shi yadda kusurwar sama ta hagu za ta ɗaga, kan littafin ya kwanta wajen dama, kishiyar yadda na dama ke yi. Ya riƙe fensir nesa da tsini kaɗan, kamar santimita 3, don ya riƙa hango abin da yake rubutawa. In yana zamewa ƙasa, ki naɗa roba a daidai wurin. Wuyan hannu ya miƙe, ya zauna ƙarƙashin layi, hannun dama kuma ya danne littafin. Haske ya fito masa ta dama, in ba haka ba inuwar hannunsa za ta rufe rubutun. Fensir mai taushi ya fi masa, in ya kai ga biro kuma a nemi wanda tawadarsa ke bushewa da wuri. A bencin mutum biyu da ke cike azuzuwanmu, a zaunar da shi a gefen hagu. In aka sa shi ta dama, gwiwar hannunsa da ta abokin zamansa za su yini suna karo, a ce yaron ya cika tsokana. Ki ɗiga masa alama a gefen hagu na kowane layi don ya san inda ake farawa, domin hannunsa zai so farowa daga dama. In kin ga ya juya b ta zama d, ko ya rubuta sunansa a baibai, kada ki firgita. Yara da yawa, har na dama, suna yin haka zuwa wajen shekara bakwai. In za ki nuna masa ɗaurin igiyar takalmi ko sa maɓalli, ki zauna gabansa kuna fuskantar juna, damanki ta zama daidai hagunsa, ya kwaikwaya.

A makarantar allo abin juyawa yake yi. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, don haka a nan bahago ne ke jan alƙalami, hannunsa na gaba, tawada na bushewa a bayansa. Na dama ne ke tura. Na sha ganin yaron da ake kuka da rubutunsa na boko, amma in ya rubuta allo sai ka tsaya kallo. Abu ɗaya za a kula: fiƙar bakin alƙalami. In an karkata ta don hannun dama, a hannunsa za ta riƙa kartar allo tana fesa tawada, sai a fiƙe masa nasa ta ɗaya gefen. In malam ya nace sai da dama, babansa ya je da kansa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya yi masa bayani.

Ita malamar boko, kada ki je mata da faɗa. Wataƙila ita ma haka aka yi mata. Ki same ta bayan an tashi, ki ce kun yanke shawara a gida yaron da hagu zai yi rubutu, ki roƙe ta ta sauya masa wurin zama, amma ta ci gaba da tuna masa ɗaga dama in zai amsa tambaya da miƙa littafi da dama. Yawanci a nan maganar ke ƙarewa. In rula ba ta tsaya ba, ki je wajen hedimasta. Hukumar ilimi ta ƙasa, GES, ta hana dukan yara a makarantu tun 2017, balle duka a kan abin da ba laifi ba.

In ya girma zai tarar kayan aiki ba don shi aka ƙera su ba, kuma almakashi ne sarkinsu. Ɗauki naki ki duba: bakin da ke sama yana ta dama. A hannun dama, matsin yatsu na haɗa bakunan biyu su yanka, idonki kuma na kan layi. A hannun hagu matsin raba su yake yi, sai yadi ya lanƙwashe a tsakaninsu, bakin sama kuma ya rufe layin alli. Yarinya bahaguwa takan je koyon ɗinki, madam ta ce ba ta da hannu, alhali almakashin ne ba nata ba. Akwai na hagu, wanda aka juya bakunansa, ba hannun riƙo kaɗai ba. In ba ki samu a kasuwar Kejetia ko Adum ba, ki yi sautu wajen masu zuwa waje. Keken ɗinki kuwa bai cuce su ba, tunda hannun hagu ne ke kusa da allura yana tafiyar da yadi. Tef ɗin awo in an fara awo daga dama zuwa hagu, lambobinsa a kife suke fitowa, sai an saba kada a karanta 6 a matsayin 9.

Inda nake so iyaye su buɗe ido shi ne in yaro zai shiga Suame Magazine, unguwar makanikai, ko wajen kafinta ko walda. Yawancin injin huda na lantarki suna da ɗan maɓallin kulle a gefen hagu na mariƙi, an sa shi don babban yatsan dama. Tafin bahago kan danne shi ba da saninsa ba, ya saki kunama injin ya ƙi tsayawa. Giranda ana iya mayar da mariƙinta ɗaya gefen a juya murfin kariya, amma sai an nuna wa yaro. Zarton inji na yankan katako an tsara shi ne don dama, shi kam gara ya koye shi yadda aka ƙera shi. A gaya wa mastansa tun ranar farko cewa bahago ne. Babur da pragya, keke mai ƙafa uku, totur na dama. Mota kuma, tun da Ghana ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, sitiyari na hagu, giya na hannun dama. Waɗannan duk bahagwai na koyonsu ba matsala, ƙarfin hannunsu ma na kan sitiyari.

Kada kuma ki bari a ruɗe ki ta ɗaya gefen. Za a ce miki bahagwai sun fi kowa ƙwaƙwalwa, a lissafo Bill Clinton da ya zo Accra a 1998 da Barack Obama da ya zo a 2009, duk da hagu suke sa hannu. Gaskiya ne bahagwai ne, amma da aka auna basirar dubban mutane ba a sami wani bambancin kirki tsakanin hagu da dama ba. Ɗanki zai yi ƙoƙari gwargwadon baiwarsa da kulawar da ya samu. Haka zancen wai ba sa tsawon rai. Wani bincike na 1991 a Amurka ya ce suna riga na dama mutuwa da shekara 9, aka yi ta yaɗawa. Kuskuren lissafi ne. A cikin waɗanda aka haifa wajen 1900 a can, kusan kashi 3 cikin ɗari ne kawai suka tashi bahagwai saboda ana juya su, bayan an daina adadin ya haura 10. Rashin ganinsu cikin tsofaffi ba mutuwa suka yi ba. Inda suke da riba ta gaske shi ne wasan da ake fuskantar juna, saboda ƙarancinsu ya sa abokin karawa bai saba da su ba. 'Yan dambenmu na gargajiya sun san haka, shi ya sa laƙabin Bahago ke da kwarjini a fage. Manny Pacquiao da ya doke Joshua Clottey a 2010 da tsayuwar hagu yake faɗa. A ƙwallo ma wa ya manta ƙafar hagun Sulley Muntari a ragar Uruguay a gasar cin kofin duniya ta 2010, ko ta Mohammed Kudus ɗan Nima? Sai dai ƙafa daban, hannu daban, ba lalle su zo ɓari ɗaya ba.

Surukarki kuwa, ba ke za ki tunkare ta ba, kuma kada a je mata da zancen ƙwaƙwalwa da Turawa. Ɗanta ne zai yi mata magana. Abin da take tsoro shi ne jikanta ya miƙa wa baƙo ruwa da hagu a ce gidansu ba tarbiyya. To a ba ta wannan ɓangaren ya zama nata: "Hajiya, ke za ki koya masa ci da gaisuwa, a wajenki ya fi jin magana. Rubutu kuma malamai sun ce a bar shi." Ranar da ya durƙusa ya miƙa mata goro da dama, rabin rigimar ta mutu.

Akwai lokacin da hagu ke zama alamar a ga likita, ki sani ko don ƙannensa. Jariri kan yi amfani da hannu biyu ne, zaɓin hannu yakan fito a hankali daga shekara biyu zuwa huɗu, wani har shida. In jaririn da bai shekara ba ya nace wa hannu ɗaya, ɗayan kullum a dunƙule ko a sake, ko yana jan ƙafa ɗaya in ya fara rarrafe, wannan ba zaɓi ba ne, rauni ne a ɗaya ɓarin, kuma gashi da motsa jiki sun fi amfani in an fara da wuri. Haka yaron da aka san shi da dama, ya koma hagu kwatsam bayan zazzaɓi mai zafi ko jijjiga ko faɗuwa. Irin waɗannan a kai su asibiti, in ta kama a tura su sashen yara na asibitin Komfo Anokye. Abin da kika faɗa game da ɗanki bai yi kama da ko ɗaya ba.

Shi yanzu tsoron littafi ne ciwonsa. Ki ɗauke masa fensir a gida kamar mako biyu. Ki ba shi alli ya yi zane a siminti, ya ja layi a yashi da yatsa, ya tsince miki wake, ya mulmula ƙullu, duk da hannun da ya ga dama, kada ki ce komai. Sannan ki dawo da littafi a karkace yadda na faɗa, minti goma a rana ya isa, ku fara da sunansa. In bayan wata biyu ko uku da daina dukan kukan bai ragu ba, ko kika ji maganarsa ta fara sarƙewa, ki kai shi asibiti ki nemi a haɗa ku da masu lura da maganar yara, a duba idonsa ma a tafiya ɗaya.